Makyarkyatar Karsana

Yaran garajina sun daɗe suna tambayata inda na kai haƙorana biyu na gaba. Wata rana in ce musu jaki ne ya harbe ni, wata rana in ce na manta da su cikin rake a kasuwar Ɗan Issa. To, shekaranjiya na ji ɗaya daga cikinsu yana gaya wa wani direba wai jijjigar bolan ba ciwo ba ne, ƙusa ce kawai za a ɗaure a koma shan shayi. Bolan, ga wanda ya tashi a ƙetaren iyaka, shi ne sitiyari. Da na ji haka na ce yau kam sai na zauna na rubuta gaskiyar haƙoran nan. In an ga gishiri ya ɗan yi yawa a yi haƙuri, hannuna ne haka.

Na shiga aikin nan ƴan shekaru bayan tafiyar Nasara, a hannun Baba Nomau, wanda ya koyi gyaran mota a garajin wani kamfanin gyaɗa a Maraɗi kafin ya dawo gida Madarumfa. Garajinmu inuwar gawo ce a bakin hanyar tabki, kuma wanda ya san gawo ya san da damina yake zubar da ganye, wato lokacin da ake neman rufi lokacin ne ba mu da shi. Kayan aikin duka a akwatin ƙarfe ɗaya suke. Akwai kirik na ɗaga mota, wanda sai ka yi masa magiya kafin ya tashi. Akwai lakile, wato sifana, manya da ƙanana, rabinsu maƙerin garinmu ne ya ƙera. Akwai marto, wato guduma, da ƙarfen ɓanɓarar taya, da gawayi na yin alama. Amma babban kayan aikin ba ya shiga akwati. A reshen gawon yake rataye: igiyar guga ta rama, mai kaurin babban yatsa.

Ranar da na fara zuwa na ɗauka ta dukan almajiran sana'a ce. Da ta duka ce ai da na gode Allah.

Baba Nomau yakan ce, "Ciwon gaba ba a ganin shi mota tana tsaye. Tana tsaye ƙarya take yi maka." Saboda haka a guje ake duba ta. Ga yadda ake yi. Ƙarfen nan da ke rufe tayar gaba, mu kumatu muke ce masa. Sai a kwantar da kai rub da ciki a kan kumatu, ƙafafu wajen gilashi, kai yana reto a ƙasa, tsakanin hancinka da taya bai wuce taƙi ba. A ɗaure ƙugunka da igiyar nan a jikin mota. Ƙullin zarge ne, ja ɗaya yake kwancewa, kuma tun da hannayenka biyu suna riƙe da ƙarfe, jelar igiyar a baki ake sa maka ita, ka cije. In mota za ta kife sai ka fizge kai, ƙulli ya kwance, ka faɗa gefe. In ka fizge da wuri taya ta bi ta kanka. In ka fizge a makare mota ta kwanta a kanka. Na tambayi Baba yaya ake gane daidai lokacin, ya ce waɗanda suka gane suna nan da rai, in je in tambaye su. Magana da direba kuwa da dunduniya ake yin ta: ka bugi murfin inji sau ɗaya, a ƙara wuta, sau biyu, a tsaya.

Kuma yana da doka wadda ko limamin gari bai taɓa neman a sassauta ba: duk wanda ya sa hannu a gaban mota, shi ke hawan kumatu a tafiyar farko. Cewa yake wanda ya san da wuyansa za a gwada ƙusa ba ya ɗaure ta yana hira.

Aikin farko da na hau kumatu dominsa, bashen wani mai fataucin goro ne daga garin Sarkin Yamma. Bashe ita ce motar nan mai buɗaɗɗen baya da ake rufawa da tamfol. Na canja mata gaɓa ɗaya ta sandar da ke haɗa tayoyin gaba, ina ta hura hanci, sai na ga Baba yana sauko da igiya.

Na ce, "Baba, ai na ɗaure ta tamau."

Ya ce, "Madalla. To mi kake tsoro?"

Iyakarmu bayan gari, kuma motar lafiya lau ta tafi. Amma da aka kwance ni sai da mutum biyu suka ɓanɓare yatsuna daga ƙarfe kamar masu cire kaska. Daga ranar ban ƙara ɗaure ƙusa ban koma na sake taɓa ta ba.

Jijjiga kuwa iri-iri ce. Akwai ta wasa, wadda bolan ke ɗan kaɗawa a hannu, direba ya yi ta tafiya da ita har shekara. Akwai kuma babbar, wadda muke kira makyarkyata. Ita manyan bashe take kamawa, masu tayoyin gaba a kan sandar ƙarfe guda. Ana cikin gudu taya ta taka ɗan rami, sai tayoyin biyu su fara girgiza kai hagu da dama kamar akuyar da ta ƙi kasuwa, amma da saurin da ido ba ya bi. Bolan ya ƙwace daga hannu. Na ga ta karya wa direba babban yatsa. Na ga ta yar da ƙofa a hanya. An ce ta taɓa kaɗa nonon wata Bafillatana har ya fid da mai kafin a kai garin Safo. Wannan kam ban gani ba, amma na ci man. Maganinta a kan hanya ɗaya ne: ka ɗaga ƙafa daga wuta, kada ka danne birki da ƙarfi, ka bar ta ta huce. Sai dai direbobin zamaninmu suna da nasu karatun, kuma shi ne ya kusa kai ni kushewa.

A shekarar da ruwa ya ƙi sauka ne, wadda har yau tsofaffi ba sa son a ambace ta ana cin tuwo. Gero bai kai gwiwa ba ya bushe. Manyan motoci suka cinye hanyar burji har ta koma kunya-kunya kamar gonar gyaɗa. Kayan gyara babu, sabuwar taya kuwa sai a mafarki. Motocin garinmu wasu suka mutu a tsaye, wasu aka sayar aka sayi hatsi. Guda ɗaya ta rage mai numfashi, babbar bashen Alhaji Illa, wadda ake kira Karsana. Ita ke zuwa Ɗan Issa ranar kasuwa da mata masu kai banda, ta dawo da buhunan dawa da garin rogo, matan suna zaune a saman buhuna. In Karsana ba ta fita ba, a makon nan tukwane da yawa ba sa hawa murhu.

Abin da ya ɗan riƙe gari bayan ita, tabki ne. Ruwa ya ja baya, kifi ya taru wuri ɗaya, kowa ya zama masunci. Maɗinka, wanzamai, har ladan, kowa yana saƙa birgi, ragar nan da ake jefawa ta buɗe ta nutse. Sarkin Ruwa a lokacin taubashina ne, Jari, ɗan wan mahaifiyata. Kullum yana aiko mini da tarwaɗa biyu tare da saƙon cewa ga abincin bawansa. Ni kuwa in cinye in aika masa ya ƙara, ubangida ba ya ƙoshi da harajin talaka.

Wata ranar kasuwa da yamma direban Karsana ya shigo da ita ƙarƙashin gawo a hankali kamar mai rakiyar gawa. Lawali Iska ake ce masa, don bai taɓa yarda akwai abin da ya fi shi sauri ba. Ranar leɓensa fari fat. Makyarkyata ta kama shi a gangaren gulbi da cikakken lodi, buhu uku suka zube, wata mata ta faɗo ta karye a hannu. Ya ce da gangaren ya fi haka tsawo da ba a samu mai kawo labari ba.

Na ɗaga ta a kirik. Na kama taya sama da ƙasa na girgiza, na kama hagu da dama na girgiza. Na bi gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya ina zura ƙarfe ina ɓanɓara. Biyu sun ɗan saki, na cika su da guntun gwangwani na ɗaure. Na duba ƙusoshin akwatin bolan, na duba iskar taya. Tana tsaye kamar amarya, ba abin da za ka kushe. Lawali ya fita gwaji shi kaɗai ba tare da ya jira igiya ba, ya dawo yana salati. Na sake kwancewa na sake ɗaurewa, kwana da kwanaki, ita dai ƙaryarta take yi mini. Har kasuwa ta rage jibi.

Alhaji Illa ya zo da kansa. Mutum ne mai sanyin magana, wanda bai iya hana abu ba in an roƙe shi. Ya ce, "Haru, jibi sai ta hita. In ta kwana, gari ya kwana da yunwa. In ta hita haka nan, ka san su wa ke saman buhu."

Na san su kuwa. Babu gidan da ba shi da mace a saman buhun nan.

Baba Nomau a lokacin yanar ido ta makantar da shi, ya bar mini aiki, iyakarsa zama a gindin gawo. Amma ƙulli a hannu yake ba a ido ba. Sai ya miƙa hannu sama yana laluben reshe.

Kafin in kwanta a kumatu na kama Lawali na ce, "Don girman Allah, in ta kama ka ɗaga ƙafa."

Ya ce, "Haru, kai gyara ka sani, ni tuƙi na sani. Makyarkyata wutar daji ce, da gudu ake ratsa ta. Ka ba ta wuta ka hita ta bayanta."

"Wa ka gani ya hita ta bayanta?"

"An hita."

"Sunan shi?"

Ya kau da kai. Na sa ya rantse da kabarin uwarsa zai ɗaga ƙafa, ya rantse. Sai da muka kama hanya na tuna uwar tasa tana nan da ranta, tana sayar da daddawa.

Hantsi ne, rana ta fara zafi, kumatu yana ƙona mini ciki. Muka bar gari. Kaina a ƙasa, igiya a baki, tsakuwa tana harbina a goshi. Wanda bai taɓa ganin ƙasa tana gudu a gaban hancinsa ba, bai san mota tana sauri ba. Na bugi murfi sau ɗaya, ya ƙara. Na zuba wa gaɓoɓin ido, ba wadda ta motsa. Na sake bugawa, ya ƙara. Sai na ga abin da tsayuwa ta ɓoye mini. Tun kafin ta fara girgiza kai, tayar tsalle take yi, sama da ƙasa, dum, dum, dum, kamar taɓarya a turmi, alhali inda muke hanyar ba ta da rami. Ashe ba gaɓa ce ke tayar da fitinar ba. Gefe ɗaya na tayar ya fi ɗaya nauyi.

Na ɗaga ƙafa in buga biyu. Daidai nan muka shiga gangaren gulbi, taya ta taka wani rami.

Ta kama. Jama'a, na ji ana faɗin tashin duniya a wa'azi, ranar na ga samfurinsa. Kumatu ya dinga dukan haɓata. Tayar da nake kallo ta zama goma, kowace tana neman fuskata. Ƙafafuna suka ƙwace suna ta luguden murfi ba da izinina ba, Lawali kuwa da ma neman dalili yake, sai na ji inji ya yi kururuwa. Ya ba ta wuta. Motar ta fara cin hanya daga wannan baki zuwa wancan. Na ga ƙaya, na ga sama, na ga taya, na ga ƙaya. In fizge? Taya tana nan tana jira. In bari? Na ji tayoyin ɗaya gefen sun bar ƙasa. Na nemi kalmar shahada, igiya ta tare ta a baki.

Ban fizge ba, kada wani ya ce na gane lokacin. Motar ce ta bar hanya ta afka cikin rairayin gulbi, kaina ya yi gaba, igiya ta yi baya. Ƙulli ya kwance kamar yadda Baba ya tsara, sai dai ya tafi da haƙora biyu ladan aikinsa. Na tashi sama, har na hango rumfunan Safo, na faɗo a rairayi. Karsana ta biyo ni tana huɗa kamar garma, tana tafe, tana tafe, ta zo ta tsaya. Da na buɗe ido, tayar tana shafar kunnena.

Lawali ya diro yana ihu, "Haru! Kana da rai?"

Na tofar da jini na ce, "Matho nan in gaya maka."

"Wallahi kai ka yi ta bugun a ƙara!"

Ban kula shi ba, don a kwancen da nake idona yana kan bakin janti, wato ƙarfen da taya ke zaune a kai. Jan ƙasa ya rufe shi ko'ina, ban da wurare uku a jere, kowane kamar tsawon yatsa, inda ƙurar ba ta yi kauri ba. Na goge da yawu. A gefen kowane akwai ƙarzar wuƙa. Na rarrafa ɗaya tayar, haka.

Ga abin da ke wurin da. Farkon shekarar Alhaji ya aika da Karsana ƙetare aka yi wa tayoyin gaba faci ta ciki, faci kamar tafin raƙumi. Masu aikin can suna da injin auna taya, sai suka maƙala guntayen dalma a bakin janti, ɗaya gefen, don nauyin ya zo daidai. Dalmar nan tana wurin ma ido ba ya zuwa kanta, balle ba ta nan. Wani ya bi ya ɓalle su duka.

Sai da aka haɗa shanu aka jawo motar. Na sami Alhaji a gindin gawo wajen Baba, bakina cike da tsumma. Na ce, "Alhaji, ɓarawo ya shiga tayarka. An sace dalma."

Ya ce, "Waɗanne? Ƴan kunnen nan na bakin taya?"

"Su."

"A'a, ba sata ba ce. Ni na ba da. Jari ya zo ya ce birgi ta yi yawa, dalma ta ƙare, har tsohon batir babu wanda ba a narke ba. Ya ce ya ga wasu a tayata. Na ce motar da ke ɗaukar buhu mi za ta yi da ado? Sadaka na yi, Haru."

Na gaya masa aikin ƴan kunnen. Ya dubi bakina, ya tuna matar da ta karye, carbinsa ya faɗi ƙasa bai ɗauka ba. Ni kuma a nan na gane tarwaɗar da nake ci kullum ina lashe yatsa, da haƙorana aka kamo ta.

Aka kira Jari. Ya zo da wandonsa a naɗe, yana ganina ya fashe da dariya. "Kai, bawana, wa ya buɗe maka taga a baki?"

Da ya ji zancen dariyar ta tsaya, amma bai sauko ba. Ya ce, "Kyauta aka ba ni gaban mutane. Na narke na raba. Kowace birgi gida guda ke ci da ita. In na cire dalma raga ta yi iyo kamar kainuwa, kifi shina ƙasa shina yi muna dariya. Ku ɗaura dutse."

Alhaji ya sunkuyar da kai ya ce shi kam bai iya karɓar abin da ya ba da sadaka. Kuma gaskiya Jari bai yi ƙarya ba. Ga yunwa ta tabki, ga yunwa ta hanya, dalma ɗaya. A je Maraɗi nema kuwa, da wace motar, kuma wa ya ce akwai?

Sai Baba Nomau ya yi gyaran murya. "Jari, da mi ka cire su?"

"Da wuƙata, Baba."

"Da hannunka?"

"Da hannuna. Ban bar kowa ya taɓa motar Alhaji ba."

"To ka yi aiki a gaban mota. Kumatu biyu gare ta. Jibi Haru dama, kai hagu."

Jari ya ce shi masunci ne, dokar garaji ba ta hau kansa ba. Baba ya ce shi dai bai ɗaure mutum ɗaya alhali biyu suka yi aiki, mota kuwa ba ta barin gawon nan ba a ɗaure ba. Alhaji ya ce bai taɓa ƙetare maganar Baba ba. Ni kuma na cire tsumma na ce, "Ku ƙyale shi. Zan gaya wa Hajo ita ta hau buhu da bandarta, mijinta Sarkin Ruwa ne, ba sarkin tudu ba." Hajo matarsa ce, kuma bakinta ya fi wuƙarsa kaifi.

Ya buga ƙirji ya ce shi da ya kama kada da hannu, ƙarfe ne zai ba shi tsoro? Zai hau. Sannan ya matso ya leƙa bakina da kyau, ya rage murya.

"Haka igiyar ke yi ma kowa?"

Na ce, "A'a. Wani har da harshe."

Bai yi sallama ba ya nufi tabki. Kafin la'asar ya dawo da ƙwarya a ka. Ashe bin birgi ya yi ɗaya bayan ɗaya, ya cire ɗaya a nan, ya tsallake, ya cire ɗaya a can, yadda kowace raga za ta nutse ko da ba da saurin da ba. Dabarar da ya ce babu da rana, tsoro ya koya masa ita kafin yamma. Ya dire ƙwaryar ya ce, "Ta isa? Tayoyin baya fa, ba su so?"

Washegari muka wuni a kanta. Ba mu da inji, amma taya da kanta tana faɗin gaskiya in ka sake ta. Na ɗaga gaba a kirik, na sassauta birki har tayar tana juyawa da hurin baki. In juya ta in bar ta ta tsaya don kanta, gefen mai nauyi ya sauka ƙasa, in yi alama da gawayi a sama. In sake juyawa, ta sake tsayawa nan. Sai in liƙa dalma da kakin zuma a wurin alamar, ina ƙarawa ina ragewa, har ta zama duk inda ka tsayar da ita nan take zama. Sannan muka narke dalmar a gwangwanin tumatir, muka zuba a ramin yumɓu da ɗan lanƙwasasshen ƙarfe a ciki, na buga a bakin janti da marto, na sake aunawa. Jari yana tsugune a bayana tun safe. Tayar hagu sai da ya sa na auna ta har na gaji. "Sake juya ta, bawana. Kamar na ga ta motsa."

Ranar kasuwa gari duka ya fito. Mata suka hau da kwandunan banda, ba mai magana, har Hajo. Baba ya ɗaure ni, ya yanki rabin igiyar ya laluba ya ɗaure Jari. Ni a gefen baki na cije tawa, da turame, tun da masu gadin ƙofa sun tafi. Alhaji ya shiga gaba kusa da Lawali, ya ɗora sandarsa a kan gwiwar Lawali ta dama, ya ce in ƙafar nan ta yi nauyi zai sauƙaƙa mata.

Muka tashi. Ban san ko aikin ya yi ba, don auna taya a tsaye ma wani irin tsayuwa ne, kuma kun ji abin da Baba ya ce game da tsayuwa. Wannan karon ba wuyana kaɗai ba ne. Ina jin kwanduna suna ƙara a baya, wani jariri yana kuka. Muka kai inda ta fara tsalle shekaranjiya. Na zuba ido. Tana tafiya sumul. Na bugi murfi sau ɗaya, don in ba a kai ta gudun da take kamawa ba, ba a gwada komai ba. Ta ƙarƙashin mota na hango kan Jari yana reto, idanunsa a rufe gam, yana wani gurnani ta cikin igiya.

Ga gangare. Ga ramin da ya tashe ta. Ga ma huɗar da ta yi a rairayi tana nan. Taya ta faɗa ramin, ta fito, ta girgiza kai sau ɗaya.  Na ji jelar igiya tana ce mini yanzu, yanzu. Sai tayar ta miƙe ta ci gaba da tafiyarta kamar ba ita ba. Can baya wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, sauran suka kama.

A Ɗan Issa ma'aikatan duwan, wato kwastan, sun ga kaya iri-iri a kan mota, amma ba su taɓa ganin an ɗauro Sarkin Ruwa ba. An kwance Jari ya ƙi sakin igiya. Sai da Hajo ta zo ta ce, "Sake mana, Malam, ba tarwaɗa ba ce." Da ya samu baki abin da ya fara cewa shi ne, "An iso gangaren?" Ashe tun daga bayan gari bai buɗe ido ba. Komawa kuwa amalanken jaki ya bi, ya ce yana da magana da mai jakin.

Da yamma Karsana ta shigo da buhunanta da matanta cif. Haka ta yi ta yi har ruwa ya sauka. Kuma tun daga ranar ba ta ƙara buƙatar mai gadi ba, don duk wanda ya ratsa kusa da tayarta da wuƙa a ƙugu, Jari ne zai fara tare shi.

Yanzu akwai inji a Maraɗi, kuna kai taya a juya muku ita kuna zaune. Ban ƙi ba, ni ma ina kaiwa. Amma rabin igiyar nan tawa tana nan rataye a garaji, sama da akwatin lakile, kun sha ganinta kuna tsammani ta shanya ce. Ku sauko da ita ku duba wajen jelar, akwai ramuka biyu. Shi kuma wanda ya ce ƙusa ce kawai a koma shan shayi, ya san kansa. Bashen da ya gyara shekaranjiya gobe da safe za ta fita. Ya zo da wuri in auna ƙugunsa.